Wakilin Yaya a Labo

A gidanmu ni ne ƙafar Yaya. Tun da ya shiga dajin zinariya ya koma mutumin da ba a gani, sai dai a ji muryarsa a salula, duk abin da ya taso masa a Agadas ni ake turawa. In an yi rasuwa a gidan abokinsa, ni zan je in zauna a tabarma in ce Yaya yana gaisuwa. Da aka haifa masa ɗa, ni na jawo ragon suna daga kasuwar dabbobi. Aurensa na fari ni na kai goro da sadaki, da auren ya mutu kuma ni na kai takardar saki, na tsaya na shanye zagin da aka tanadar masa. Babu wanda ya taɓa ganin aibun haka. Wakilci abu ne da muka tashi muka tarar, ko a wurin ɗaurin aure ba ango ake nema ba, wakilinsa ake nema.

Shekara biyu kacal ya ba ni, amma yana yi mini magana kamar shi ya haife ni. Ba ya sallama, ba ya tambayar iyali. Saƙon murya zai faɗo, in buɗe in ji iska tana kaɗawa, inji yana ruri, sai kuma: "Kai, ka tahi wuri kaza." Ni dillalin albasa ne, motocin Tabelot nake tara in sauke in rarraba wa masu saye, shi ya sa yake kirana mai warin albasa ko a gaban baƙi. Inna, mahaifiyarmu, dariya take yi in ya faɗa, don shi ya zuba mata siminti a tsakar gida ya saya mata firigo. Ban ƙaunaci Yaya ba, kuma ba zan yi ƙaryar ƙauna a takarda ba. Ina yi masa aike ina zaginsa a ciki, haka muka yi shekaru.

A shekarar da nake ba da labari matata tana da ciki na uku, wata biyar, kuma ba mu da ɗa ko ɗaya a raye. Na fari ya fito a wata na bakwai ba rai. Na biyu ya zo da ransa, namiji, ya yi kwana huɗu hancinsa yana zuba, fatar tafin hannunsa da ta ƙafarsa tana saɓulewa kamar an tsoma shi a ruwan zafi. Bai kai suna ba. Ni na ɗauke shi zuwa maƙabarta naɗe a ƙyalle, bai kai nauyin tiya ɗaya ta albasa ba.

Tun ranar Inna ta yanke hukunci cewa laifin matata ne. Ta ce cikinta maƙabarta ne, kuma a gabanta ta faɗa, ba a bayan ido ba. Aka kai ta wurin wata tsohuwa a Ingal aka yi mata hayaƙi, aka ɗaura mata layu a ƙugu, ta sha rubutu har ta gaji. Ni ban hana ba, don ni ma a raina na yarda ita ce. Lokacin ciki na biyu, ungozomar likita, wato asibiti, ta ba ta wata takarda a wurin awo, ta ce a je labo, ɗakin gwaji, a ɗebi jini. Na karɓa na ninke na sa a aljihu, na ce wane irin hauka ne a ɗebi jinin mai ciki, ita da ke neman ƙari. Takardar ta bi rigar zuwa wanki. A wannan ciki na uku kuwa Inna ta hana zuwa awon gaba ɗaya, ta ce idon mutane ne ke cinye mana ƴaƴa, ni kuma na goyi bayanta.

Ana cikin haka Yaya ya ga wata bazawara a unguwar Dagmanet, malamar lekol, wato makarantar boko, ya ce ita yake so. Waliyyinta kawunta ne, wani tsohon majo, ma'aikacin jinya, da ya ƙare ƙuruciyarsa a likita yana yi wa mutane allura yana daka musu tsawa. Majo ya ce ba zai karɓi goron kowa ba sai an kawo masa takardar gwaji daga labo: sida, wato ƙanjamau, ciwon hanta, tunjere da ciwon sanyi. Ya ce ƴar tasa ma za ta yi nata, kowa ya ga na kowa. Ya rubuta ordonansi, takardar neman gwaji, da sunan Yaya ya aika gidan Inna.

Wannan karon Yaya bai aiko saƙon murya ba, kira ya yi.

"Kai, tsohon nan ya rubuto wata takarda, tana wurin Inna. Ka ɗauka ka tahi labo su ɗebi jini."

"Jinin wa?"

"Jinin wa kuwa? Naka mana. Yanzu da munka iske jijiyar zinariya cikin rami, in bar ta in yi kwana ukku bisa hanya don wani tsoho na son takarda? Uwa ɗaya uba ɗaya muke. Abin da ke jikina shi ke jikinka. Ka hwaɗa musu sunana, ka amso takardar ka kai mishi kahin Juma'a."

Ya kashe kafin in amsa, kamar kullum.

Ba biyayya kaɗai ta kai ni ba. Na ce a raina tsoro yake ji. Kowa ya san yadda ake rayuwa a can, maza wata da watanni cikin rumfunan tamfol, ga kuɗin da ke shigowa a rana ɗaya, ga masu zuwa taya su ci. Na tabbata Yaya yana ɓoye wani abu, kuma hakan ya yi mini daɗi. Na ce to, yau ga ranar mai warin albasa, jinina mai tsabta shi zai aura masa mata, kuma duk ranar da ya sake ɗaga mini murya ina da abin tuna masa. Ni ne fa mai sahun gaba a masallacin unguwa, ni ake ba ajiya. Ita malamar da za a kai wa takardar ƙarya kuwa, wallahi ko sau ɗaya ba ta faɗo mini a rai ba.

Labon na wani mai zaman kansa ne, ɗaki biyu a bakin titi, da sanyin kilim, na'urar sanyaya ɗaki, da ke sa mutum tari. Mutane na zaune a benci kowa yana kallon takalminsa. Mai ɗibar jinin wata gajeruwar mace ce mai gilashi da farar riga, kowa yana ce mata Madam. Ta karɓi ordonansin, ta tambayi suna, na faɗi na Yaya. Ta tambayi shekaru, na ƙara biyu.

"Kana da mata?"

"Mun rabu," na ce, don haka Yaya zai ce.

Ta ɗaure mini dantse da roba, ta soka allura a gwiwar hannu, ta cika ƴan kwalabe biyu, ta manna auduga. Sannan ta miƙo mini wani ɗan gwangwanin roba ta nuna mini bayan gida. Ina tsugune a can na ce yau kuma har fitsari na yi wa Yaya, saura me? Da zan fita ta ce: "Jibi ka dawo da kanka. Ba mu ba ɗan aike rezilta, sakamakon na mai jini ne." Na ce to, Madam, ina danne dariya, don ɗan aiken ne tsaye a gabanta.

Ran jibin na iske tana miƙa wa mutane ambulop ta taga, kowa ya karɓa ya wuce. Da ta zo kaina sai ta ce in zagayo. Ta shigar da ni ɗakin ciki ta tura ƙofa, ta zauna ta buɗe takardar.

"Bon. Sida babu. Hanta babu. Fitsari lahiya lau. Amma na tunjere positif ne, akwai shi. Mun sake shi da wani gwaji na biyu don mu tabbata, shi ma haka."

Abin da ya faru a kaina a wannan lokacin ban taɓa gaya wa kowa ba sai yau. Murna na yi. Zuciyata ta ce: na kama shi! Ai na faɗa! Na ɗan gyara zama ma, ina shirin yadda zan furta masa a salula, a hankali, kalma bayan kalma. Na yi shekaru ina zama Yaya a wurin mutane har kaina ya yarda duk abin da aka rubuta da sunansa nasa ne. Sai da na naɗe hannu na ji ɗan tsamin wurin da allura ta shiga, sannan na tuna hannun wa aka soka.

"Ba ya yiwuwa," na ce. "Ni ba abin da ke mini ciwo."

"Haka yake, ba ya ciwo. Ɗan ƙurji ne ke hitowa a gaba, ba zahi, ya warke da kanshi, mutum ya ce ya rabu da shi. Alhali ya shige jini ya yi zamanshi, shekara da shekaru. Ba ka taɓa ganin irin wannan ƙurjin ba?"

Na taɓa. Ƴan watanni kafin aurena na kai albasa Arlit, mota ta lalace muka yi sati biyu a can, na yi abin da na yi. Bayan na dawo ƙurjin ya fito. Na sayi kafso ja-da-rawaya wurin mai tallar magani a tire, na fasa na barbaɗa garin a kai, ya bushe, na yi hamdala na manta. Ban faɗa wa Madam ba. Na tsaya ina kallon gilashinta ina jin tsanarta tana hawo mini, ita da muryarta mai sanyi kamar tana karanta farashin kaya.

"Yana warkewa," ta ce. "Pikir ce, allura sau ukku, sati-sati. Sa'arka ɗaya ba ka da mata yanzu. Amma wadda kunka rabu ya kamata ta zo ita ma. Ta taɓa ɓari?"

Kafin in nemo ƙaryar da zan yi ta ci gaba.

"Don shi wannan ciwon ɗiya yake ci. Ciki ya zube, ko ɗa ya hito ba rai, ko ya zo hanci na zuba, fatar tafin hannu da ta ƙafa na saɓulewa, ya yi kwana kaɗan ya koma. Alhali in an gwada uwar tun da wuri anka yi mata pikir, ɗan ya tsira."

Ta miƙo ambulop ɗin, na sa a aljihu. Ni da nake taɓa wuyan albasa da ɗan yatsa in gane wadda ta ruɓe daga ciki, shekara huɗu ina kwana ina tashi ban gane kaina ba.

"Madam, in a ce wani abokina ne, matarshi na da ciki wata biyar?"

Ta cire gilashin ta dube ni, duban da ya fi zagi.

"Abokin naka ya kawo ta gobe da sahe. Kowane sati da ya wuce, ɗan ne ke biya. Kuma in zai zo, ya zo da sunanshi na gaskiya."

Daga nan ban je gida ba. Na zauna a inuwar wata mota na yi ta kiran Yaya har layi ya shiga. Na faɗa masa. Na yi zaton ko sau ɗaya a rayuwarsa zai ce sannu.

"Tunjere? Da sunana? Kai, ka san abin da ka yi? Sunana ne cikin rajistansu! Na aike ka ka wanke ni, ka tahi ka shafa mini ƙazantarka! Ashe duk sallar nan ta munahunci ce?"

"Yaya, matata na da ciki. Sun ce shi ya kashe mini ɗiya biyu."

"Wannan matsalarka ce. Ƙone takardar. Direbana zai shigo gari, shi ya tahi wani labo ya ba da nashi. Kuma kar Inna ta ji. Matar taka ka samu mai allura ya yi mata a gida, ka ce ta ƙarin jini ce. Mace mi ta sani?"

Na zage shi bayan ya kashe, na zage shi da sunayen da ban san na iya ba. Amma abin kunyar shi ne shawararsa ta zauna mini. Kwana huɗu ina yawo da ambulop a aljihu ina neman hanyar da za a yi wa matata magani ba tare da ta san na mene ne ba. Na je wurin wani mai yin allura a gida na yi ta kewaye-kewaye, ya ce shi ba ya soka wa mai ciki abin da likita bai rubuta ba. Na dawo gida in iske ta tana jan ƙafa da tulun ruwa, layu na motsi a ƙugunta, ta ce mini sannu da zuwa, in kasa amsawa da kyau. Na san kowace rana ɗan ne ke biya, an faɗa mini da Hausa, amma sunana na sahun gaba ya fi mini nauyi.

Ranar Juma'a da hantsi ina tsaye ana sauke buhuna sai ga Majo a kan tsohuwar motonsa mai ƙafa biyu. Dogon tsoho ne busasshe, da hula ƙube da biro a aljihun gaba. Ko gaisuwar kirki bai tsaya yi ba.

"An ce wan naka ya shigo gari ya yi gwaji ya koma. Ban gan shi ba, ba wanda ya gan shi. An ce takardar na wurinka."

Zan so in ce tsoron Allah ne ya buɗe mini baki, ko tausayin malamar. Ba su ba ne. Haushin Yaya ne, da kalmar nan tasa ta ƙazanta da ke ta yi mini amo a kunne. Na ja Majo bayan rumfa na miƙa masa ambulop ɗin.

"Baba, Yaya bai zo ba. Ni na wakilce shi. Jinin nawa ne."

Ya karanta a tsaye, ya sake karantawa. Sannan ya dube ni daga hula har takalmi.

"Ka wakilce shi. In yunwa ta kama shi a can, kai kake ci mishi tuwo a nan? Ku ne za ku kashe mini ɗiya da takarda mai tambari, ku zo ku zauna a tabarmata kuna mini ta'aziyya." Ya buga takardar da bayan hannu. "Kana da iyali?"

"Tana da ciki, Baba. Wata biyar. Biyu sun rasu."

Ya nemo kwanan watan da ke jikin takardar da yatsa.

"Kwana huɗu wannan na aljihunka? Kwana huɗu?"

Na sunkuyar da kai. Sai na ji bakina yana cewa: "Baba, ko za ku taimaka ku hwaɗa mata? Ku kun san yadda ake hwaɗin irin wannan."

Ya ninke takardar ya cusa mini a aljihu da ƙarfi har ɗinkin ya ɗan yage.

"Har yanzu wakili kake nema? Tahi ka buɗe bakinka, kai ka kai mata shi."

Bayan la'asar na iske ta a tsakar gida tana tsince shinkafa a faranti. Na zauna a bakin tabarmar na faɗa mata duka, har da Arlit, har da kafson. Na yi ta jiran kuka ko ihu, don da ta yi ihu da na samu abin riƙewa, in ce ta rage murya maƙwabta na ji. Ba ta yi ba. Ta ci gaba da tsintar tsakuwa tana jefarwa ɗaya bayan ɗaya.

"Malam, takardar nan da anka ba ni wurin awo, wadda ka ce ba a ɗibar jinin mai ciki. Wannan gwajin na ciki?"

"Ban sani ba."

"Shina ciki," ta ce.

Ta ajiye farantin, ta shiga ɗaki ta fito da almakashi. Ta sa hannu ƙarƙashin riga ta datse igiyar layun, ta zare su ta ajiye a gabana, guda biyar, fatarsu ta yi baƙi da gumi.

"Shekara da shekaru uwarka na ce mini maƙabarta, kana zaune kana shan shayi. Na yarda da ita, ka sani? Na roƙi Allah ya ɗauke ni in huta da kashe maka ɗiya." Muryarta ba ta ko rawa. "Gobe za ni likita. Ba don kai ba. Kuma in mun hito, za ka hwaɗa wa Inna abin da ka hwaɗa mini, ina tsaye."

Washegari muka je, ita a gaba ni a baya kamar ɗan rakiya. Na faɗi sunana na gaskiya, Madam ta rubuta. Aka gwada matata, aka samu abin da aka san za a samu. Likita ya rubuta mana allurar, fara ce mai kauri kamar kunu, tana shiga tsoka kamar ana tura ƙusa. Na yi ɗingishi har bakin titi. Ita ko tsaki ba ta yi ba, ta gyara zanenta ta ce mu wuce gidan Inna.

Inna tana kan kujerar roba kusa da firigonta. Na durƙusa na faɗa, a gajarce, idona a kan simintin Yaya. Ta bari na gama, sannan ta tashi ta rufe ƙofar gida.

"Rufe mini baki! Wa ya aike ka labo? Duk sharrin tsohon nan ne da ɗiyarshi mai boko. Mutane na zaune lahiya, an ɗebi jininsu an ƙaga musu ciwo." Ta juya ga matata. "Ke kuma kin ji daɗi, kin tsirara mini ɗa a gabana."

"Ban ji daɗi ba, Inna. Abu ɗaya nike so. Ki hwaɗi da bakinki ba ni na kashe su ba."

Inna ta ɗauki carbinta ta shiga ɗaki. Ba ta faɗa ba ranar, ba ta faɗa ba har yau, kuma na daina tsammanin za ta faɗa. Ni ma da na tilasta mata wa zan burge, ni da na fi ta laifi?

Majo ya aika wa Yaya cewa in yana son ƴarsa ya zo da ƙafarsa da katinsa mai hoto, shi zai raka shi labo ya tsaya a kansa. Yaya ya bar raminsa ya yi kwana ukun da yake gudu. Aka gwada shi, aka same shi fes, babu ko ɗaya a cikin huɗun. Wannan ya ƙona ni fiye da allurar. Duk shekarun da na yi ina ƙirga masa zunubi a raina, ashe ba tsoro ya hana shi zuwa ba, raini ne kawai da son jiki. Ya zo kasuwa ya tsaya a gaban rumfata cikin shadda mai ƙyalli, ya ɗaga takardarsa sama yadda duk masu dako za su gani, ya ce: "Ga tawa. Kai ina taka?" Bai faɗi sunan ciwon ba, bai kuma buƙaci faɗa ba, kafin magariba kasuwa ta ƙarasa masa.

Takardar tasa ba ta aura masa malamar ba. Ta ce mutumin da zai aiko mata da jinin wani tun kafin a ɗaura, ba ta san abin da zai aiko ba bayan an ɗaura. Yaya ya ɗora mini wannan ma. Ba ya gaishe ni, ba na gaishe shi, in mun haɗu a gidan Inna ran salla kowa bango yake kallo. Tun daga ranar bai ƙara aike na ko'ina ba, ribar da na ci ke nan. A masallaci na koma sahu na uku, ba wanda ya ce in koma, ni na ga ya fi.

Muka cika allura uku. Matata ta koma awo, duk takardar da aka ba ta da kanta take kaiwa labo, ba ta ƙara bari ta bi ta hannuna ba. Ambulop ɗin nan mai sunan Yaya ta karɓe shi ta sa a ƙasan akwatinta, yana nan har yanzu. Da ciki ya shiga wata tara ta tattara ta koma gidan iyayenta. Ta dawo daga baya, muna tare, tana dafa mini abinci tana amsa gaisuwata, amma ba ta taɓa cewa ta yafe ba. An ba ni shawara in tura dattawa su roƙa mini, na ce a'a, na gama da tura mutane da zama ɗan turawa.

Ranar haihuwar da safe aka kira ni ina kasuwa. Na hau kabu-kabu da warin albasata na isa matanite, asibitin haihuwa, na iske uwarta da ƙannenta a baranda, suka amsa sallamata a daƙile. Ungozoma ta ce mace ce, an duba ta, za a sake duba jininta nan gaba, amma ba su ga komai ba. Na shiga. Matata tana kwance a gadon ƙarfe, jaririyar a gefenta cikin zane.

Na miƙa hannu zan ɗauka, ta ce in tsaya. Ta warware zanen da kanta. Ta kama hannun dama na yarinyar ta buɗe ƴan yatsun a hankali ta nuna mini tafin, ta buɗe na hagu, ta ɗaga ƙafafun ɗaya bayan ɗaya. Fatar lumui, ja-ja, ba inda ta saɓule. Yarinyar ta yamutse fuska ta tsala kuka mai ƙarfi, irin wanda ban taɓa ji a gidana ba.

"Ka gani?" ta ce.

Na ce na gani.

"Allura ukku. Abin da ya raba ta da yayyenta ke nan."

Ta mayar da zanen ta naɗe ta, ta jawo ta jikinta, ta juya mini baya. Na tsaya a wurin da hannuwana a miƙe har ungozoma ta zo ta ce in ba mata wuri.